Injin da ya kawo jirgin sama na farko Kano

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila uku, samfurin DH.9A, suka sauka Kano bayan sun taso daga Masar, da Arthur Coningham a matsayin jagora. An sha ba da labarin saukarsu, amma ba kasafai ake maganar injin da ya ɗauko su ba.

Shekara 22 kafin nan, a 1903, injin da bakanike Charlie Taylor ya ƙera wa 'yan'uwan nan Wright silinda huɗu gare shi, ƙarfinsa bai wuce na doki 12 ba. Matsalar maƙera tun daga lokacin ita ce zafi da nauyi. In ka ƙara ƙarfi, zafi ya ƙaru. In ka ɗora lagireto da ruwa don sanyaya shi, jirgi ya yi nauyi.

Faransawa suka zo da wata dabara mai ban mamaki. A injin Gnome na 'yan gidan Seguin, karanshaf ne ke tsaye cak, silinda bakwai kuma suna juyawa tare da farfela, iska na fifita su. Man zurma ake zuba masa a madadin baƙin mai, yana fesowa har fuskar matuƙi. Dabarar ta yi aiki a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai dai tana da iyaka: da injin ya girma, juyawar ƙarfe mai nauyi haka kan riƙa fizgar jirgin gefe guda.

Shi DH.9A ɗin ma gyaran kuskure ne. Wanda ya gabace shi, DH.9, an sa masa injin Puma, mai rauni da yawan mutuwa a sama, har aka yi asarar matuƙa da dama. Sai aka sake fasalin jirgin aka ɗora masa Liberty, wanda Amurka ta zana a 1917: silinda 12, ƙarfin doki 400, ruwa ke sanyaya shi. Kamfanonin mota irin su Ford da Packard ne suka ƙera shi dubbai. Shi ne ya ratso Sudan da Chadi ya iso Kano.

Amma duk direban da tiyon lagireto ya taɓa fashe masa a daji ya san aibin ruwa. A mota sai ka faka gefen titi, a sama kuwa babu wurin fakawa. Shi ya sa sojan ruwan Amurka suka matsa a koma ga injin da iska ke sanyayawa, wanda silindoginsa ke tsaye a kewaye. Wurin da ya fi ba da wahala shi ne bawul ɗin hayaƙi, da kan yi ja har ya ƙone. Injiniya Sam Heron ya rarake cikinsa ya zuba wani gishiri mai narkewa, daga baya sinadarin sodiyam, wanda ke kwashe zafi daga kan bawul zuwa sandarsa. A ganina wannan ƙaramin gyara ya fi ƙarin dawakai ɗari amfani.

Da irin wannan bawul injin Wright J-5, mai silinda tara da ƙarfin doki wajen 220, ya ɗauki Charles Lindbergh daga New York zuwa Paris a watan Mayu 1927. Ƙarfinsa kusan rabin na Liberty ne, amma ya yi awa 33 da rabi yana aiki bai tsaya ba.