Ribaɗi: Yadda Ganuwa Ta Riƙe Hanya, Hanya Ta Riƙe Mulki

Masana tarihi sun daɗe da lura cewa cin ƙasa da yaƙi ya fi riƙonta sauƙi, domin rundunar da ta ci gari da rani tilas ta watse idan damina ta faɗi, kowa ya koma gonarsa, alhali wanda aka kora yana nan cikin daji yana jiran ranar da zai rama. Wannan ita ce mas'alar da ta fuskanci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sa'ad da aka yi masa mubaya'a bayan wafatin Shehu Usmanu a 1817. Alƙalawa, birnin Gobir, ta faɗi tun 1808, amma Gobirawa ba su miƙa wuya ba. Katsinawan da suka ƙi jihadi sun kafu a Maraɗi, Kabawa suna yamma, Abzinawa kuma yau a yi amana da su, gobe su warware. Ko bayan nasarar da Bello ya samu a kansu a Gawakuke a 1836, Gobirawa sun sake haɗa kansu a Tsibiri.

Maganin da Bello ya kawo shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa wanda ake ginawa a bakin iyaka ko a kan mashigar abokan gaba, a zaunar da mayaƙa cikinsa da iyalinsu. Bai ɗauki wannan dabarar yaƙi kawai ba, ibada ya ɗauke ta, har ya wallafa littafi a kan ribaɗi da tsaro, ya kafa hujja da falalar da hadisai suka ambata ga mai kwanan gadi saboda Allah. Ya kuma fara da kansa, gama ya bar Sakkwato ya tare a Wurno, kusa da gulbin Rima, ta fuskar da harin Gobir yake fitowa, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake.

Wanda ya san ginin waɗannan garuruwa ya san ba a yi su don ado ba. Ganuwa ta ƙasa ce, a gindinta an haƙa gwalalo, bayan gwalalo an bar sarƙaƙiya ta yi duhu yadda doki ba ya ratsawa, ta ciki kuma akwai badala inda 'yan baka suke tsayawa. Ƙofa ƙunci gare ta, da magariba sarkin ƙofa ya rufe, wanda ya makara sai ya kwana waje, kome girmansa. An kuma zagaye fili da rijiyoyi a ciki, domin mutanen ƙauyuka su sami wurin shiga da dabbobinsu in an yi gangami. Amma abin da ya bambanta ribaɗi da sansani shi ne masallacin Juma'a da alƙali da makaranta da kasuwa. Bello ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su riƙa kiwon dawaki da raƙuma saboda buƙatar jihadi, aka zuba bayi su yi noma, aka kawo maƙera da masaƙa da marina, har wurin da jiya kurmi ne ya zama alƙarya.

Fa'idar wannan ga fatake ba ta ɓoyu ba. Dajin Gundumi, wanda ke tsakanin ƙasar Zamfara da Wurno, ya yi ƙaurin suna ƙwarai, ayari ba ya sauke kaya a cikinsa; Baturen nan Barth, da ya ratsa shi a 1853 zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, yini da kwana suka yi suna tafiya ba zango, don tsoron mahara. To, madugun da ya fito daga irin wannan daji ya hango ganuwa, ba sai an yi masa wa'azi a kan amfanin sarki ba.

Akwai kuma wata hikima ta siyasa a ciki. Bello ya ɗora 'yan'uwansa da 'ya'yansa a kan ribaɗai: Atiku a Bakura, Aliyu a Shinaka, Fodiyo a Lajinge, Ibrahim a Gandi. Da haka ya tsare iyaka da waɗanda ya amince da su, ya kuma raba 'ya'yan sarki da zaman banza a fada, wanda shi ne mafarin yawancin fitinu. Sarakunan Ingila na zuriyar Normandi sun bi irin wannan tafarki bayan da Wiliyam ya ci ƙasar a 1066, suka kafa hasumiyoyi a Landan da Dover da York da sauran mashigai da mararraba, suka damƙa wa hakimansu. Sai dai a zamanin Sarki Istifanus, daga 1135 zuwa 1154, hakiman nan suka riƙa gina nasu ba izini suna zaluntar talakawa, har sai da Henri na Biyu ya rushe da yawa. Ganuwar da ta kare hakimi daga abokin gaba tana iya kare shi daga ubangidansa, kuma Sakkwato ta ɗanɗani haka tun da wuri, lokacin da Abdussalami, ɗaya daga cikin jama'ar Shehu, ya yi tawaye daga Kware a farkon sarautar Bello.

Mu mutanen Jihar Neja, ta hannun Umaru Nagwamatse ɗan Sarkin Musulmi Atiku al'amarin ya iso mana. Ya riƙe ribaɗin Gwamatse, sannan Katuru, amma da yake mutum ne wanda ba ya zama ƙarƙashin wani, aka raba shi da riƙo a zamanin Aliyu Babba, ya nufo kudu da dawakinsa. Wansa Ahmadu Atiku, da ya zama Sarkin Musulmi a 1859, ya naɗa shi Sarkin Sudan, Umaru kuma ya kafa Kwantagora, Wushishi kuma a bakin kogin Kaduna ta zama sansanin gidansa. Shi da ɗansa Ibrahim sun san sirrin riƙe mashigi da mafitar ruwa sarai, amma a ganina sun ɗauki rabin koyarwar Bello ne suka bar rabi, domin ribaɗin Bello tara jama'a yake yi, sansanin Sarkin Sudan kuwa ya fi shahara da watsa ta. Mutanen Gbagyi na wannan yanki suka daɗa manne wa duwatsunsu, dutse ya zame musu ganuwar da ba su gina ba.

Turawa ma, da suka zo, hanya suka fara dubawa. Sun ajiye soja a Wushishi a 1900, suka ci Kwantagora a farkon 1901, suka mai da Zungeru helkwatarsu a 1902, sannan suka shimfiɗa dogo daga Baro ya bi ta Minna ya isa Kano a 1911. A gefen wannan dogo ne garin Minna na yanzu ya tashi, unguwanninsa, har da Tudun Wada, suka bazu a fili, ba ganuwa, ba sarkin ƙofa.