Wat Dubu Domin Wat Ɗaya

Na tashi a gidan da rediyo ba ya sauka daga kafaɗar mahaifina. Da asuba yakan zare eriya, ya yi ta murɗawa har ya kamo Landan a gajeren zango, inda sashen Hausa na BBC ke magana tun 1957. Sai da na girma na san cewa wannan zango da muke tinƙaho da shi, a farkon lamari juji ne da aka tura waɗanda aka raina.

A 1912 Amurka ta kafa dokar rediyo. Masanan wancan zamani sun haƙiƙance cewa dogon zango ne kaɗai ke cin nisa, saboda haka aka bar shi ga jiragen ruwa da sojoji da kamfanoni. Masu harhaɗa rediyo a gidajensu don sha'awa kuwa, aka kora su zuwa zangon mita 200 zuwa ƙasa. Ashe korar gata ce. A watan Nuwamba na 1923, Léon Deloy daga birnin Nis na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka a kan zangon kusan mita 110. A daidai lokacin, ƙasar Suwidin tana gina tashar Grimeton domin tsallake wannan tekun, da injin mai wat 200,000 da hasumiya shida, kowace mai tsayin mita 127.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, magadan waɗannan korarru sun koma neman gidan da aka fitar da kakanninsu. A 1998 Birtaniya ta buɗe musu kilohaz 136. A 2007 kuma taron rediyo na duniya a Janiba ya ba su daga kilohaz 135.7 zuwa 137.8, bisa sharaɗin kada abin da ke fita daga eriya ya wuce wat 1.

Sharaɗin kamar ƙuntatawa ne, amma cim ma wat ɗayan ma jan aiki ne. Tsawon wannan zango ya kai mita 2,200, kuma eriyar da ta dace da shi ita ce mai rubu'in haka, wato mita 550. Mai gida kuwa da ƙyar yake tsayar da ta mita 15. Gajeriyar eriya ba ta karɓar wuta sai an haɗa ta da ƙaton naɗin waya, shi kuma naɗin yana cin rabonsa. Ƙasa tana sha, bishiyoyi da bangaye suna sha, duk ya koma zafi. Sau da yawa abin da ke tashi sama bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Mutum zai zuba wat 1,000 domin wat 1 ya kuɓuta, tamkar mai ɗibar ruwa a kwando.

Ƙara wuta kaɗai ba ya magani, domin asarar tana ƙaruwa tare da ita. Sai suka koma toshe ɓaraka: suka binne wayoyi a ƙasa kewaye da gindin eriya, suka shimfiɗa wasu a samanta, suka nisanta ta da bishiyoyi. Suka kuma rage saurin saƙon Mos har ɗigo guda ya ɗauki fiye da minti ɗaya, domin kwamfuta ta tsinto shi daga cikin hayaniyar da kunne ba ya iya tacewa. Da wannan dabara, a Fabrairun 2001, wani a Ingila da wani a Kanada suka yi musayar saƙo a wannan zango. Gaisuwar ta ci kusan mako biyu. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa.

Mahaifina ya rasu bai san wannan labari ba. Rediyonsa yana wurina, eriyar ta karye a gaɓa ta biyu. Nakan ɗaura mata waya in rataya a jikin taga, in zauna ina murɗawa a hankali, ina jiran abin da ya tsira a hanya.