Sunaye 150 kacal: yadda DNS ya koyi zama a ƙaramar na'ura

1/ Jama'a, akwai wata manhaja a cikin rauta da yawa na gidaje wadda, in ba a taɓa saitinta ba, sunaye 150 kawai take tunawa. Bari in ba ku tarihin wannan rowa 🧵

2/ Kafin 1983, sunayen kwamfutocin ARPANET a fayil ɗaya suke, HOSTS.TXT, kowa ya sauke kwafinsa daga cibiyar SRI a Kalifoniya. Da abin ya yi yawa, Paul Mockapetris ya ƙirƙiro DNS: ka ba da suna, a ba ka lambar IP.

3/ Ɗaliban jami'ar Berkeley suka rubuta BIND a 1984. Ita da kanta take bin tambaya tun daga tushe, ta ajiye amsoshin a RAM don kar ta sake wahala. To a nan memori ke tafiya. Daga siga ta 9.11, in ba ka sa mata iyaka ba, an yarje mata ta ci har kashi 90 cikin 100 na memorin na'urar.

4/ Yanzu ku dubi Linksys WRT54G, rautar da ta fito ƙarshen 2002. RAM ɗinta 16MB ne. Hotuna kaɗan na wayarka sun cika shi fa.

5/ Wadda ta dace da irin wannan ɗaki ita ce dnsmasq, ta Simon Kelley, 2001. Ba ta bin tushe. Tana miƙa tambaya ga babbar saba, ta riƙe amsoshi kaɗan, kuma ita ke raba wa wayoyin gida lambobin IP. OpenWrt, da aka fara a 2004 a kan wannan rautar, ita ta ɗauka.

6/ Ni dai wannan dabara ta fi burge ni. Amma da kuɗinta: in wurin ya cika, sai ta jefar da sunan da aka daɗe ba a nema ba. Ka sake nemansa, sai an fita waje. In netwok na ja, za ka ji a jikinka.

7/ Barin ƙofa a buɗe ya fi muni. RAM na ƙarewa, Linux na iya kashe sabar, shafuka su daina buɗewa alhali datarka na nan.

8/ Mai ƙaramar Raspberry Pi: a BIND ka rage max-cache-size, a dnsmasq kuwa cache-size ne. Ka sa adadi, ka duba memori bayan kwana biyu, sannan ka ƙara ko ka rage.