Akuyar Dutsen da Ta Sa Aka Kafa Gandun Simien

Saboda wata akuya aka kafa gandun dajin Simien. Sunanta waliya, akuyar dutse mai manyan ƙahoni lanƙwasassu, wadda duk faɗin duniya ba a samunta sai a tsaunukan arewacin Habasha. Da masana suka ga farauta da noma na neman gamawa da ita, gwamnatin Sarki Haile Selassie ta keɓe wurin a 1969. A 1978 kuma UNESCO ta sa shi cikin wurare 12 na farko da ta ayyana a matsayin kayan gadon duniya.

Sai dai an shata gandun ne a kan ƙasar da take da masu ita. Manoma Amhara sun gaji noman sha'ir da kiwon tumaki a can tun kaka da kakanni, takardar gwamnati kuwa ba ta hana tunkiya cin ciyawa. Yaƙin basasar shekarun 1980 ya zo ya kori ma'aikatan gandun, waliya ta ƙara ƙaranci, har a 1996 UNESCO ta saka Simien cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari.

Farfaɗowar ta ɗauki shekara 21. An faɗaɗa iyakar gandun ta fuskar Ras Dashen, dutse mafi tsayi a Habasha, wanda ya haura mita 4,500. Mutanen ƙauyuka suka fara samun na cefane daga baƙi masu tattaki: wannan ya ba da hayar alfadari, wancan ya yi girki, wani ya rataya tsohuwar bindiga ya yi rakiya, domin ofishin gandun da ke garin Debark ba ya barin baƙo ya shiga ba ɗan rakiya. Tsakanin zangon Sankaber da na Chennek mai tattaki kan tarar da garken birin jelada, mai jan tabo a ƙirji, zaune dirshan yana tsinkar ciyawa da yatsu, ko kallon mutum ba ya yi.

A 2017 aka cire Simien daga jerin haɗari, amma da tsada aka sayi wannan yabo. Shekara guda kafin nan an kwashe mutanen ƙauyen Gich da ke cikin gandun, ɗaruruwan magidanta, an biya su diyya an kai su Debark, inda manomin da ya saba cin sha'irin gonarsa ya koma awo a kasuwa.