Haɗarin Jiragen Yaƙi da Shirun Hukuma: Nazari daga Mahangar Hausawan Fatakwal, Anacha da Inugu

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin haɗurran jiragen yaƙin Nijeriya tun daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 har zuwa 2023, bisa abin da ya fito fili: sanarwar Rundunar Sojin Sama, rahotannin jaridu da rubuce-rubucen tarihin yaƙin. Hujjarta ita ce rufe sakamakon bincike bayan faɗuwar jirgi yana cutar da matuƙa, yana kuma cutar da mutanen ƙasa, musamman baƙin gari irin Hausawan kudu maso gabas da Neja Dalta, waɗanda jita-jita kan fara ci kafin kowa.

1. Gabatarwa

Yawancin abin da ake rubutawa kan faɗuwar jiragen soja yana tsayawa ne a kan injin da matuƙi. Ba kasafai ake waiwayar wanda ke zaune a ƙarƙashin hanyar jirgin ba. Hausawa sun daɗe a biranen Fatakwal, Anacha da Inugu, har Malam Umaru Altine, Bafillacen ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. A yau ana samun su a kasuwar shanu ta Gariki a Inugu, da kewayen Titin Bida da bakin gada a Anacha, da Oyigbo a gefen Fatakwal, suna fataucin dabbobi, albasa, doya da canjin kuɗi. Biyu daga cikin biranen suna da sansanin sojin sama wanda gari ya riga ya cim masa. Tambayar nazarin ita ce: me ƙasa ke koya idan jirgin yaƙi ya faɗi, kuma wa ke ɗaukar asarar rashin koyon?

2. Filayen jirgi a zamanin yaƙi

Tarihin jiragen yaƙin Nijeriya daga Kano ya fara. A watan Agustan 1967 Tarayyar Sobiyet ta sauke jiragen MiG-17 na farko a filin jirgin Kano, aka haɗa su da L-29 ƙirar Cekoslobakiya. Rundunar, wadda aka kafa a 1964, ba ta da isassun matuƙa, sai aka ɗauko Misirawa, daga baya kuma sojojin haya daga Turai da Afirka ta Kudu. Da Inugu ta faɗa hannun sojojin tarayya ranar 4 ga Oktoban 1967, Fatakwal kuma a watan Mayun 1968, filayen biranen biyu suka zama wuraren tashin waɗannan jirage. Anacha, wadda runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammed ta kama a watan Maris na 1968, tana kusa da Uli, inda Biyafara ta mayar da wani yanki na titin mota filin saukar jiragen agaji da makamai cikin dare.

Abin lura shi ne Biyafara ba ta da jirgin da zai yi karo da MiG a sama. Mafi shaharar farmakinta a ƙasa ta kai shi: ranar 22 ga Mayun 1969 Carl Gustaf von Rosen, mutumin Suwidin, ya jagoranci ƙananan jirage MFI-9 suka yi ruwan rokoki a kan jiragen da ke ajiye a Fatakwal, bayan kwana huɗu suka maimaita a Inugu. Sauran asarar da yawanta daga cikin gida ta fito: saukar da ba ta yi daidai ba, damina mai rufe ido, ƙarancin makanikai da kayan gyara. A watan Yulin 1969 wani matuƙin haya ɗan Ingila, Mike Thompsett, ya mutu da mai ya ƙare wa MiG-17 ɗinsa dab da titin saukar Fatakwal. MiG-17 jirgi ne mai gajeren zango. Matuƙin da ya shagala a sama 'yan mintoci kawai zai dawo ya tarar tanki ya bushe, ga kurmi da fadama a ƙasa, babu fili ko ɗaya da zai jefa jirgin.

A wancan lokaci unguwannin Hausawan yankin sun zama kufai, domin rikicin 1966 ya kori mazaunansu zuwa arewa. Sun dawo bayan Janairun 1970, garuruwan kuma suka yi ta faɗaɗa har tsohon filin jirgin Fatakwal da ke kan Titin Aba, wanda yanzu sansanin sojin sama ne, ya koma tsakiyar gidaje da shaguna.

3. Bayan yaƙi: jirage kaɗan, asara da yawa

Nijeriya ta sayi MiG-21 a tsakiyar shekarun 1970, sannan Alpha Jet 24 da Jaguar 18 a shekarun 1980. Jaguar ba su jima suna tashi ba aka ajiye su. A 2005 aka ƙulla cinikin F-7 guda 15 daga Sin, 12 na yaƙi, 3 na horo, mazauninsu Makurɗi. F-7 jikan MiG-21 ne: injinsa ɗaya, fukafukinsa gajere, yana sauka da gudu mai yawa. Idan injin ya mutu, abin da ya rage wa matuƙi shi ne ya ja igiyar kujerar da ke cilla shi waje.

Ranar 10 ga Oktoban 2015 F-7 ya faɗi a yankin Hong na jihar Adamawa, matuƙin ya rasu. Ranar 28 ga Satumban 2018 biyu suka gogi juna a sararin Abuja ana atisayen faretin cika shekara 58 da samun 'yancin kai, suka faɗa kan tsaunin Katampe. Matuƙa uku sun fice da lema, amma Bello Mohammed Baba-Ari ya rasu sakamakon raunin da ya ji. Tsaunin yana kallon unguwanni cike da jama'a. Tazarar 'yan daƙiƙu ce ta raba tarkacen da rufin mutane. Ranar 14 ga Yulin 2023 na horo ya faɗi a Makurɗi, matuƙa biyu suka tsira. Alpha Jet ma bai tsira ba: ɗaya ya faɗi a Dargol ta Jamhuriyar Nijar a watan Mayun 2013 lokacin aikin Mali, wani ya ɓace bayan tashi daga Yola a Satumban 2014, 'yan bindiga kuma suka harbo wani a Zamfara ranar 18 ga Yulin 2021, inda matuƙinsa Abayomi Dairo ya kuɓuta da ƙafa cikin dare.

A Fatakwal da Inugu jirage masu saukar ungulu suka fi yawa a yanzu. Ranar 1 ga Disambar 2023 Mi-35 ya faɗi jim kaɗan da tashi daga sansanin Fatakwal, mutum biyar da ke ciki suka rayu.

4. Rahoton da ba ya fitowa

Kusan kowace sanarwa da jimla ɗaya take ƙarewa: Babban Hafsan Sojin Sama ya ba da umarnin kafa kwamitin bincike. Daga nan shiru. Dokar duniya ba ta tilasta wani abu ba, domin Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta keɓe jiragen gwamnati, har da na soja, daga ƙa'idar da ta wajabta wallafa rahoton haɗarin jiragen fasinja. Ko a haɗarin Kaduna na 21 ga Mayun 2021, wanda ya ci Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da mutum goma, hukumar binciken haɗurra ta farar hula ta shiga aikin, amma rahoton wucin gadin da ta kammala a Satumban shekarar ga rundunar ta miƙa shi.

Ana kafa hujja da sirrin tsaro, kuma hujjar tana da gurbinta. Sai dai Amurka ta raba abin gida biyu: bincike na cikin gida da ake rufewa don shaidu su saki baki, da wani na daban da ake wallafawa. Ingila kuwa, bayan faɗuwar jirgin Nimrod a Afganistan a 2006 da mutuwar mutum 14, ta wallafa rahoton Haddon-Cave a 2009, wanda ya ambaci sunayen masu sakaci, ta kuma kafa hukumar sa ido kan jiragen soja a 2010. A ganin wannan nazari, cewa famfon mai ne ya lalace ko awannin horo ne suka gaza ba sirrin da abokin gaba zai ci riba da shi ba ne. Wanda ke cin ribar shirun shi ne ɗan kwangilar da ya kawo kayan gyara marasa inganci.

5. Waɗanda ke ƙasa

Haɗari biyu ke kan mazaunin Gariki ko Oyigbo. Na farko tarkace ne da wuta. Kanawa sun san shi tun 4 ga Mayun 2002, da jirgin fasinja na EAS ya faɗa Gwammaja ya kashe mutane a cikin ɗakunansu. A Dhaka ta Bangaladash, ranar 21 ga Yulin 2025, F-7 ya faɗa wata makaranta ya hallaka fiye da mutum 30, akasarinsu yara. Ɗan tireda ko mai turken shanu da ke haya a ƙasar da ba ta kakanninsa ba, ba takardar fili gare shi ba, ba inshora, kuma idan aka zo rabon diyya da masu ƙasa ake zama.

Na biyu, wato jita-jita, ya fi saurin isowa. Da Alpha Jet ya ɓace a Borno ranar 31 ga Maris na 2021 da John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele a ciki, Boko Haram ta fitar da bidiyo tana cewa ita ta harbo shi, rundunar ta ƙaryata, sai bayan kusan shekara guda aka gano tarkacen a dajin Sambisa. A tsawon wannan lokaci kowa da labarinsa a Facebook da WhatsApp, wasu har da lissafin ƙabila da addinin matuƙan. Hausawan Anacha sun san inda irin wannan lissafi ke kaiwa: a Fabrairun 2006 labarin kashe-kashen Maiduguri ne ya iso gari, ramuwar gayya ta faɗa kan unguwarsu da masallatansu. Shi ya sa idan labarin faɗuwar jirgin soja ya shigo waya, mai shago a Titin Bida kan fara tambayar sunan matuƙin da jiharsa, ya auna ko ya rufe da wuri.

Gyaran bai fi ƙarfin Majalisar Dokoki ta Ƙasa ba. Tana iya wajabta wa rundunar fitar da bayanin farko cikin wata guda, da taƙaitaccen rahoton musabbabi cikin shekara, a kuma fassara shi da Hausa, Ibo da Yarbanci. Kwamandojin sansanonin Fatakwal da Inugu su ma suna iya sa Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni cikin shirin ko-ta-kwana tare da sarakunan gargajiyar yankin, a rubuta tun yanzu cewa ɗan haya yana da haƙƙin diyya kamar mai gida.