Simone Manuel: Baƙar Fatar da Ta Buɗe Ƙofar Zinare a Ninkaya

Tarihin da muka kawo muku a wannan karon na wata 'yar ninkaya ce daga Amurka, Simone Manuel, wadda ta yi fice a tseren gajeren zango, wato mita 50 da mita 100, a salon firistayil, inda ake iyo rub da ciki ana wurga hannuwa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a gane girman abin da ta yi, sai an san inda aka fito. Shekaru da dama baƙar fata a Amurka ba su da damar shiga wuraren ninkaya na jama'a a garuruwa da yawa. A watan Yunin 1964, a garin St. Augustine na jihar Florida, wani manajan otal ya kwarara sinadarin asid cikin ruwa don ya kori masu zanga-zangar neman 'yanci da suka shiga yin iyo. Doka ta haramta wariya a wannan shekarar, amma tabon bai goge ba. Uban da bai iya iyo ba, da wuya ya kai ɗansa bakin ruwa, haka tsoron ya riƙa bin zuri'a, har wasu suka ɗauka cewa baƙar fata ba a halicce shi don ninkaya ba.

An haifi Simone ranar 2 ga Agustan 1996 a Sugar Land, kusa da birnin Houston a jihar Texas. Tana da shekara huɗu iyayenta suka sa ta koyon iyo, kuma burinsu a lokacin shi ne kada ruwa ya ci 'yarsu. Daga nan baiwarta ta fito, har ta samu gurbi a Jami'ar Stanford, inda Greg Meehan ya horar da ita.

Ranar 11 ga Agustan 2016 aka yi wasan ƙarshe na mita 100 a gasar Olamfik ta Rio, a Birazil. Idon kowa yana kan Cate Campbell ta Ostareliya, mai riƙe da tarihin duniya na daƙiƙa 52.06. Campbell ce a gaba da aka juyo daga rabin tsere, sai ƙarfinta ya ƙare a mitocin ƙarshe, ta ƙare a ta shida. Simone da Penny Oleksiak ta Kanada, yarinya 'yar shekara 16, suka taɓa bango a lokaci guda, daƙiƙa 52.70, aka ba kowacce zinare. Da wannan Simone ta zama baƙar mace ta farko da ta ci zinaren Olamfik ita kaɗai a ninkaya. Shekara 40 kafin nan, Enith Brigitha ta Holan ta samu tagulla biyu a Montreal a 1976, a bayan 'yan Jamus ta Gabas, ƙasar da daga baya aka gano tana ɗirka wa 'yan wasanta ƙwayoyin ƙara kuzari. Simone ta bar Rio da zinare biyu da azurfa biyu.

Masu cewa sa'a ce kawai ba su jima ba suka yi shiru. A gasar duniya ta 2017 a Budapest, ta doke Sarah Sjöström ta Suwidin, wadda 'yan kwanaki kafin nan ta kafa sabon tarihin duniya na daƙiƙa 51.71. A 2019 kuma, a Gwangju ta Koriya ta Kudu, ta lashe mita 50 da mita 100 duka. Na mita 100 ɗin ta ci shi ne daga layin gefe, inda ake ajiye waɗanda suka shigo wasan ƙarshe da ƙyar. Lambobi bakwai ta kwaso a wannan gasar.

Sai jarrabawa ta zo. A 2021 jikinta ya gaza: bugun zuciya ya ƙaru, barci ya gagara, abinci ya fita ranta. Likitoci suka ce atisaye ne ya wuce ƙarfin jiki, suka sa ta hutun makonni ana dab da zaɓen 'yan wasan Tokyo. A wajen zaɓen ta zo ta tara a mita 100, ko wasan ƙarshe ba ta kai ba. Ta fito gaban 'yan jarida ta faɗi ciwonta ba ɓoye-ɓoye, bayan 'yan kwanaki kuma ta ci mita 50 ta samu gurbi. Tagulla ɗaya ta samo a Tokyo, a tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu. Bayan dogon hutu ta koma hannun Bob Bowman, wanda ya horar da Michael Phelps, ta je Paris a 2024 ta ƙaro azurfa biyu a karɓa-karɓa.

'Yan uwa, duk wannan tafiya ta faro ne daga iyayen da suka ji tsoron nutsewar 'yarsu, suka nema mata mai koyarwa. Mu da yaranmu ke tasowa kusa da teku da koguna a nan Kudu, ya kamata mu duba wannan, maza da mata, cikin tsari da sutura ta mutunci. Allah ya tsare mana zuri'a.

Daga Sakataren Ƙungiya