Daga ina 2.54 ta samo asali?

Duk lokacin da muka buɗe saitin shafi a Microsoft Word, mukan tarar an bar santimita 2.54 fili a kowane gefe na takarda. Me ya sa ba 2 ba, ba 3 ba? Inci ɗaya ne kawai aka sa masa rigar santimita.

A da, incin Ingila da na Amurka ba su yi daidai cif ba. Sai a 1959 suka amince, tare da wasu ƙasashe huɗu, cewa inci ya zama milimita 25.4. Ita kuwa Word a Amurka ta fito a 1983, inda takardar ofis take inci 8.5 a faɗi, 11 a tsawo. Kafin fitowar Word 2007 ma gefen hagu da na dama inci 1.25 ne, shi ya sa tsofaffin fayiloli kan nuna 3.17.

Takardar da muke saye a shago kuma tarihinta daban. Jamus ce ta kafa tsarin a 1922 bisa aikin injiniya Walter Porstmann, ya zama na duniya a 1975. Babbarsu, A0, girmanta murabba'in mita ɗaya ne. A ninke ta gida biyu a sami A1, a yi ta ninkewa har zuwa A4 mai milimita 210 da 297, sannan A5 mai 148 da 210.

To ga inda abin yake shafarmu. A4 ta fi takardar Amurka tsawo da kusan milimita 18, ta kuma fi ta siranta da 6. Rubutun da muka tsara a kan waccan, in aka mai da shi A4 wajen bugawa, layuka sukan zame, lambobin shafi su saɓa wa jerin abubuwan da ke ciki. A littafi mai girman A5 abin ya fi muni: 2.54 hagu da dama na cinye kusan sulusin faɗin shafi, shafuka su ƙaru, kuɗin takarda ya hau.

Don haka mu fara zaɓar girman takarda kafin mu taɓa gefe, mu mai da ma'aunin manhajar zuwa santimita, mu kuma tambayi maɗaba'a nawa ɗinki ko gam zai ci a gefen ciki.